Awa Nawa Gem Ɗin Nan Yake Ci?

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya bayan sallar isha'i, ya tsaya a Kura ko ya ratse ya nufi Bunkure, ya san abin da zan faɗa. Ƙaramin shago ne, janareta na ruri a bayansa, talabijin biyu ko uku a jikin bango, samari sun cika benci kowa da fad a hannu. A waje kuma, gefen mai shayi, wani ya duƙufa a kan waya, hasken allo ya haske masa fuska. Sai ga ƙanensa da gudu: "Yaya, Baba ya ce ka zo ka kwanta, gobe mu ne da ruwa, da asuba za a fita." Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba: "Je ka ce ina zuwa, saura kaɗan in cinye." Yaro ya koma ya isar da saƙo. Uban ya yi tsaki, ya faɗi maganar da iyaye da yawa ke faɗi a yankin nan: "Wai shi wannan abin ba ya ƙarewa ne?"

Cikin faɗa uban ya yi tambayar, amma tambaya ce ta gaskiya, kuma tana da amsa. Manomin rani ba ya sayen iri sai ya ji kwana nawa yake yi kafin a yanka. Ra'ayina shi ne a yi wa gem irin wannan tambayar tun kafin a fara shi: awa nawa yake ci, kuma yana da ƙarshe ko ba shi da shi. Gidan da ya san amsar nan zai iya yin tsari da ɗansa. Gidan da bai sani ba, kullum dare sai a yi ta aike da tsaki, ba a hana ba, ba a kuma shirya ba.

1. Amsar tambayar Baba

Galibin abin da ake bugawa a gidajen gem namu ƙwallo ne da dambe, wasa ɗaya minti goma an tashi, na baya ya karɓi fad. Akwai wani nau'i dabam da yake shigowa sannu a hankali, ta tsofaffin na'urorin PlayStation na hannu, da kwamfutocin da ɗalibai ke dawowa da su hutu, da manyan wayoyi da ake sayowa a kasuwar Farm Centre ta Kano. Shi ne wasan almara na shiga rigar jarumi. Mai bugawa shi ne jarumin labarin. A ba shi takobi, a sake shi cikin wata ƙasa ta ƙage mai sarakuna da dodanni da matsafa, ya yi ta tafiya yana karɓar aike daga mutanen gari, yana ƙara ƙarfi da makamai, har ya kai ga babban bos ɗin da labarin ya rataya a wuyansa.

Dubban masu bugawa a duniya sun riƙa rubuta lokacin da kowanne ya ɗauka, saboda haka ƙiyasin tsawon waɗannan wasanni sananne ne. Final Fantasy VII, wanda ya fito daga Japan a 1997, yana cin kimanin awa 40. Skyrim na 2011, in mutum ya bi gundarin labarin kawai, wajen awa 35 ne, amma wanda ya ce sai ya leƙa kowane kogo ya cika kowane aike zai haura awa 200. The Witcher 3, da wani kamfanin ƙasar Folan ya fitar a 2015, kimanin awa 50 ne a miƙe, wajen 100 in an haɗa da ratse-ratse, kusan 170 ga mai son ya ga ƙwal uwar daka. Elden Ring na 2022 yana farawa daga wajen awa 60, Baldur's Gate 3 na 2023 kuma abu ne mai sauƙi ya wuce awa 100.

Me ya sa tazarar take da yawa haka a cikin gem ɗaya? Domin an gina shi ne kamar tafiyar fatake: akwai babbar hanya, akwai kuma ƙauyukan gefe da ba wanda ya tilasta maka shiga, amma kowanne da abin da zai riƙe ka. Wani bos ɗin sai an koma an ƙara ƙarfi kafin a iya shi, wani sai an faɗi sau ashirin. Ga ɗanmu kuma sai a ƙara wasu awoyin a kan wannan ƙiyasi, saboda duk zancen cikin gem ɗin da Turanci ake yin sa, karatun yana cin lokaci, kuma in wuta ta ɗauke bai adana inda ya kai ba, aikin dare guda ya tafi, sai ya sake daga baya. Saboda haka idan yaro ya ce "saura kaɗan in cinye", sau da yawa ba ƙarya yake yi ba. Shi kansa bai san nisan da ya rage ba, don ba wanda ya gaya masa tun farko.

2. Ƙasar da rani ya daina zama hutu

Asalin wannan nau'in wasa wani wasan tebur ne mai suna Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974. A wannan shekarar ce kuma aka kammala dam ɗin Tiga, aikin da aka yi a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya sauya ma'anar lokaci a Kura da Bunkure da Garun Malam. Kafin ruwan Tiga ya fara gangarowa ta kanal zuwa gonakin Kadawa, shekarar manomi kashi biyu ce: damina ta aiki, rani na sararawa. A ranin nan ne ake dambe da kokawa da farauta, ake zaman dara a gindin bishiya, yara su sha tatsuniya da langa a farin wata, masu ƙarfi su tafi cin rani. Nishaɗi yana da gurbinsa a kalandar shekara, ba sai an sato masa lokaci daga gona ba.

Aikin noman rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, an tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000. Ya kawo arziki, babu mai musu. Shi ya mayar da Kura garin shinkafa, da injinan casa da mata masu gumi, shi ya sa manyan motoci ke layi a Kwanar Gafan suna lodin kwandunan tumatir zuwa Kudu. Amma ya cinye hutun rani. Ana yanke shinkafar damina sai gyaran gona na alkama da tumatir da albasa, ana kwashe waɗannan sai a shiga shinkafar rani. Saurayin ƙauyen da ba shi da kanal yana da watanni na zaman banza da zai iya cikawa da duk abin da ya ga dama. Saurayin Kura ba shi da su. Kowace awa da ya ba gem, daga wani wuri ya yanko ta, ko daga barci, ko daga karatu, ko daga gona.

A nan ne lissafi yake da amfani. Shinkafar da aka fi nomawa a yankin, irin su FARO 44, tana yin kwana 110 zuwa 120. Gem mai awa 100, in ana buga shi awa ɗaya kowane dare, kwana 100 ke nan, wato kusan tsawon shinkafa guda daga zuba iri zuwa yanka. Mai awa 170 kuwa, in aka auna shi da yinin ɗan ƙwadago na awa takwas, ya kai aikin kwana 21 cur. Wanda ya taɓa biyan 'yan dashe ya san abin da kwana 21 na hannu ɗaya ke nufi. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Mutum yana iya ganin lissafin ya ce ya ji ya gani, kamar yadda wani yake ba kallon ƙwallon Turai awa huɗu kowane mako, wani kuma ya bi shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa shekara da shekaru. Abin da nake ƙi shi ne a shiga bashin awa ɗari ba a san an ci bashi ba.

Kuma awa ba ta zama daidai da awa a gonar ban ruwa. Bayan an gama dashe an zuba taki, akwai makonnin da shinkafa ke girma da kanta, ban ruwa da cire ciyawa kawai take nema. Awar da aka ba gem a wannan tsakanin ba ta da tsada. Amma alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta sha sanyin hunturu, wanda ya makara zafi zai riske ta tana cika ido, ya girbe ƙaiƙayi. Tumatir in ya nuna ba ya jiran kowa, kwana biyu ya ruɓe a jikin uwarsa. Idan shinkafa ta fitar da kai, jan-baki na sauka tun gari bai gama wayewa ba, kuma mai korar tsuntsun da ya kai ƙarfe biyun dare a kan waya ba zai iya tashi ba. Ruwan kanal ma haka: ranar da layi ya zo kanka, in ka yi barci, na ƙasa da kai ya ja abinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ma ba a fara gem mai awa ɗari ana saura mako biyu yanka, ko ana gab da zana jarrabawar WAEC da NECO.

3. Mai ƙarshe da marar ƙarshe

Ga inda nake ganin iyaye suna kuskuren gane abokin gaba. Idan uba ya ji an ce gem yana cin awa 100 sai hankalinsa ya tashi, idan kuma ya ga ɗansa yana wani wasa a waya da ake gamawa cikin minti goma sha biyar sai ya ce wannan da sauƙi. Ni a ganina akasin haka ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Gem mai awa 100 yana da ranar da zai ƙare. An kashe bos, labari ya cika, sunayen waɗanda suka yi shi sun hau allo, yaro ya ajiye fad ya numfasa. Kamfanin da ya yi shi ya riga ya karɓi kuɗinsa tun ranar sayarwa, ba ruwansa da ko ka buga yau ko ka bari sai bayan sallah. Galibinsu kuma ana iya tsayar da su a tsakiya a je masallaci a dawo, ko da yake Elden Ring ya yi ƙaurin suna wajen rashin maɓallin tsayarwa na kai tsaye. Wasannin waya na kyauta kuwa, irin su Free Fire da PUBG da samarinmu suka fi sani, da Genshin Impact na ƙasar Sin wanda ya fito a 2020 da rigar almara, a kan wani tsari dabam aka gina su. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tunda ba a sayar maka da gem ɗin ba, ribarsu tana cikin dawowarka kullum. Shi ya sa ake ba ka tukuici don kawai ka leƙa yau, ake sa maka aikin kullum wanda in ka tsallake ya wuce ke nan, ake kawo sabon zango bayan 'yan makonni, ake kuma sayar maka da wani abu mai kama da ƙuri'a, ka biya ba ka san abin da zai fito maka ba. Wannan na ƙarshen, hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauke shi a matsayin caca tun 2018. Wasan da ake yi da wasu mutane ta intanet ba ya tsayuwa don an kira salla, ba ya tsayuwa don Baba ya aiko, domin in ka fita ka bar abokanka a filin daga.

Tambayar "awa nawa yake ci?" ba ta da amsa a irin waɗannan, kuma rashin amsar shi ne gargaɗin. Babu manomin da zai karɓi irin da aka ce masa kullum yana shan ruwa da taki amma ba shi da ranar girbi. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sanya larurar kamuwa da wasan gem cikin kundinta na cututtuka a 2019, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ba da yawan awoyi ta auna ta ba. Abin da ta duba shi ne ko mutum ya kasa riƙe linzamin kansa, ko wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ko ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma a ce hakan ya ɗauki kimanin shekara. Wannan ma'auni ya fi kusa da hankalin manomi fiye da tsaki: me gem ɗin ya ture daga wurinsa?

4. Abin da masu ja za su ce

Wani dattijo zai ce duk wannan dogon zance ne, gem ɓata lokaci ne, a hana kawai. Ina girmama damuwarsa, domin malamai kullum suna tuna mana cewa za a tambayi mutum a kan rayuwarsa da ƙuruciyarsa. Amma hani na baki ɗaya bai taɓa cire waya daga aljihun saurayi mai shekara goma sha tara ba, wanda da guminsa na ƙwadago ya saye ta. Abin da hani ke yi shi ne ya mayar da wasan zuwa ƙarfe ɗayan dare, lokacin da kowa ya yi barci, wato lokacin da ya fi kowane lokaci cutar da aikin asuba. Ƙasar Sin ta iya taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa ɗaya a daren Juma'a da Asabar da Lahadi tun 2021, saboda kowane mai bugawa sai ya yi rajista da sunansa na gaskiya. Mu ba mu da wannan tsarin, kuma ba na ganin zuwansa nan kusa. Abin da muke da shi shi ne uba da uwa da yaya, sai mai gidan gem da ya san ɗan wane ne kowane yaro da ke kan bencinsa.

Sannan kada mu manta cewa son irin wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, labarin mutum ne da ya fita neman wani ruwa na magani, ya yi ta ratsewa gari-gari yana karo da Malam Zurƙe kafin ya kai ga abin da ya fita nema. Ga Ganɗoki na Bello Kagara, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga littattafan yaƙi na su Abdulaziz Sani Madakin Gini da samarin Kano suka yi ta haya suna karantawa kashi-kashi. Ƙishirwar da ta sa iyaye suka kwana a kan waɗannan littattafai da fitilar ƙwai ita ce ta sa ɗa yake kwana a kan allo. Bambancin shi ne littafi kana ganin kaurinsa a hannu, ka san shafi nawa ya rage, gem kuwa sai ka tambaya.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma na yarda da ita ba tare da kwana-kwana ba. Abin da ke cikin wasu daga waɗannan wasanni bai dace da yaranmu ba. The Witcher 3 da Baldur's Gate 3 na 'yan shekara 18 zuwa sama ne ko a ƙasashen da aka yi su, akwai tsiraici a ciki, akwai zubar da jini, akwai tsafi da allolin ƙage. A can ana rubuta shekarun a jikin kwali. A nan kuwa gem yana zuwa ne ta hannun masu tura fina-finai a waya, ba kwali ba gargaɗi. Sanin tsawon gem bai wanke abin da ke cikinsa ba, kuma ba na cewa duk mai ƙarshe halas ne. Amma uban da ya zauna ya tambayi sunan gem da tsawonsa, shi ne zai ga abin da ke kan allon da idonsa. Wanda ya tsaya a tsaki daga zaure ba zai taɓa gani ba.

Su ma samari masu kare gem da cewa yana koyar da Turanci da dabarar tunani, su sassauta. Ana tsintar kalmomi, gaskiya ne, amma wanda ya ba littafin makaranta awa 100 zai fi tsinta. Nishaɗi nishaɗi ne, ba sai an ɗinka masa rigar karatu ba. Ya isa a ce mutumin da ya wuni a ruwa da taɓo yana da haƙƙin ya huta da abin da yake so, muddin bai taɓa sallarsa da barcinsa da amanar gonar gidansu ba. Wanda kuwa yake ganin son abin ya wuce bugawa, ya sani cewa a Yawunde ta Kamaru wasu matasa na kamfanin Kiro'o Games sun fitar da nasu wasan almarar mai suna Aurion a 2016, da tufafi da al'adu na Afirka. Ƙasar da ta haifi labarin Bayajida da Sarauniya Amina ba ta rasa kayan aiki ba, kuma awa ɗari da aka kashe wajen koyon haɗa gem ta fi awa ɗari ta bugawa.

5. Kira

Ga masu gidajen gem a Kura da Bunkure da Kadawa: kun fi kowa sanin wane gem ne mai tsawo, wane ne na manya. Ku gaya wa yaro gaskiya kafin ya fara, ku rufe a kan lokaci a makonnin dashe da yanka, kada ku kunna wa ɗan shekara goma sha biyu abin da ba za ku so ƙanenku ya gani ba. Iyayen yaran nan su ne maƙwabtanku.

Ga saurayi: kafin ka fara dogon gem, ka nemi sanin awoyinsa, ka raba su da abin da za ka iya bayarwa kowane dare, ka duba ranar da zai kai ka. In ya faɗa cikin shukar alkama ko tsinkar tumatir ko jarrabawa, ka ajiye shi. Gem mai labari yana nan inda ka bar shi ko bayan wata uku, gonar kuwa ba ta jira.

Kai kuma Baba, yau da dare kada ka aiki ƙaramin. Ka kira babban da kanka, ka zaunar da shi, ka ce ya nuna maka abin da yake bugawa, ya gaya maka awa nawa ne, kuma ko yana da ƙarshe. In yana da ƙarshe kuma abin da ke ciki bai saɓa wa tarbiyyar gidanka ba, ku yanka masa lokaci tare, bayan isha'i zuwa ƙarfe goma, ban da daren ban ruwa. In ya ce maka ba shi da ƙarshe, to a sauke shi daga wayar har sai an yanke shinkafa an kai shanshera gida.